Yadda zaka haɗa kwamfutar kallo ta falo a Zariya, da manhajar da zaka ɗora mata

Kusan duk gidan da ka shiga a Zariya akwai bidiyon biki, na suna, na walimar sauka, da karatun tafsirin azumi da aka yi ta tarawa shekara da shekaru, amma kana tambaya ina suke sai ace maka suna cikin wayar wane, wayar kuma ko ta faɗa ruwa ko an sayar ko memorin ya ƙone. Ga yara suna cinye data kullum akan katun ɗaya da suka riga suka haddace. Maganin wannan wata 'yar ƙaramar kwamfuta ce da zata zauna a bayan talabijin ɗin falo, aikinta kawai ta ajiye kayan kallon gida ta kuma nuna su in an danna rimot. Ma'aunin da nake auna aikin da shi kuwa shine, in ka gama haɗawa ka fita kasuwa ko ofis, Hajiya ko uwargida ko yaro ɗan firamare zasu iya kunnawa su nemo abinda suke so da rimot kaɗai ba tare da sun kira ka a waya ba? In ba zasu iya ba toh da sauran aiki komai tsadar kayan da ka zuba. Duk shawarar da zan bada daga nan ta fito, sai kuma halin wutarmu.

Mataki na 1: lissafin wuta kafin ka sayi komai

Mutane da yawa da furosesa suke farawa, ni kuma nace ka fara da batir ɗinka. Mu ɗauka kana da batir mai bolt 12 da amfiya 100, in ka ninka wat 1200 ne na awa ɗaya, kuma batir irin na ruwa ko na jel ba'a son a riƙa zuƙe shi ya wuce rabi in kana so ya daɗe, kaga abinda kake da shi a hannu kamar 600 ne. Duba takardar da ke manne a bayan talabijin ɗinka zaka ga wat ɗin da take ci, mu ce 70. Ƙaramar kwamfuta irin wadda zan baka shawara tana cin kamar wat 10 zuwa 20 lokacin da take nuna fim. Haɗa su wajen 85, ka raba 600 da shi, kusan awa 7, in ka cire abinda inbata ke ci nata na kanta ka ce awa 6. Yanzu ɗauko tsohon babban desktof mai katin hoto da fanka uku wanda zai iya shan wat 100 shi kaɗai, lokacin ya dawo awa 3 da rabi, ga ƙara ga zafi a falo a watan Afrilu. Dan haka duk wanda yace maka ka haɗa irin kwamfutar 'yan gem dan kallon fim, bai yi lissafin gidan da ke kan sola ko ƙaramin janareto ba.

Mataki na 2: wace na'ura

Zaɓina na farko ƙananan kwamfutocin ofis ne na tokumbo, masu girman littafi, Dell OptiPlex Micro, HP EliteDesk Mini ko ProDesk Mini, da Lenovo ThinkCentre Tiny. Dalili shine masu gyara a PZ da Sabon Gari da Samaru sun san su, cajarsu irin ta laftof ce ana samu, ram ɗinsu da SSD ɗinsu duk irin na laftof ne, in abu ya lalace ba sai ka jira kaya daga waje ba. In baka samu a Zariya ba Kano na nan kusa, Beirut Road.

Abinda zaka duba a furosesa lamba ɗaya ce. In ka ga an rubuta i5-7500T, 7 ɗin nan da ke bayan ɗan layin ita ce zubin, wato generation ɗinsa, T ɗin ƙarshe kuma na nufin mai ƙarancin cin wuta, wat 35 ne ma'auninsa. Ka nemi zubi na 7 zuwa sama, ko i3 ne ya isa, kar ka biya kuɗin i7 dan baka buƙata. Sirrin shine a cikin furosesan Intel akwai wani ɓangare na musamman mai suna Quick Sync tun 2011, shi yake warware bidiyo ba tare da ya wahalar da sauran furosesan ba, kuma daga zubi na 7 ne ya fara iya warware H.265 mai bit 10 gaba ɗaya, wanda shine tsarin da ake matse yawancin sabbin bidiyo da shi yanzu dan su yi ƙanƙanta. Zubi na 6 yana iya H.265 mai bit 8 kawai, zubi na 4 kuwa sai dai ya yi da ƙarfin tsiya, fanka ta hau ihu hoto na tsaitsayawa. In kana tunanin ɗora Windows 11 nan gaba toh zubi na 8 zaka nema, dan daga nan Microsoft ta yarda, Windows 10 kuma an daina mata sabuntawar tsaro ta kowa da kowa tun 14 ga Oktoba 2025.

Akwai sabbin ƙananan akwatuna masu furosesa Intel N100 da ya fito a 2023, wat 6 ne ma'auninsa, yana warware har AV1, wani sabon tsarin matse bidiyo, kuma da yawansu bolt 12 suke ci, wato irin ƙaramin batir ɗin da ake sa wa rauta zai iya riƙe su in ƙarfinsa ya kai. Suna da kyau sosai in aljihu ya yarda. Sai Raspberry Pi 4 na 2019 ko Pi 5 na 2023, babbar fa'idarsu rimot ɗin talabijin ɗinka zai yi aiki da su kai tsaye, amma kafin ka sayi allon, da akwatinsa, da cajar da ta dace, da ƙaramin kebul ɗin micro HDMI, da memori mai kyau, kuɗin ya kamo na tokumbon Dell, kuma in ya samu matsala da wuya ka samu mai taɓa maka shi.

Kar kuma ka raina laftof ɗin da gilashinta ya fashe. In zubinta ya kai kuma tana da HDMI, ita ce ma ta zo da batir a jikinta, an ɗauke wuta bata mutu ba. Ƙarshen zangon karatu ɗaliban Samaru da Kongo sukan sayar da irinsu da araha.

Mataki na 3: a shagon mai sayarwa

Kar ka karɓa a leda ka tafi. Sa a kunna a gabanka ka shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar da ake shiga da danna maɓalli tana tashi, a Dell F2 ne, a HP F10, a Lenovo F1, ka tabbatar ba'a kulle shi da kalmar sirri ba, dan kwamfutocin da suka fito daga ofisoshin Turai wasu a kulle suke zuwa kuma in a kulle yake ba zaka iya canza abubuwan da zamu canza ba. A nan cikin BIOS ɗin zaka ga ainihin sunan furosesa da yawan ram, kar ka yarda da sitikar jiki. Gwada kowace kafar USB da filash. Duba caja ta asali ce ko jabu, ta asali tana da nauyi kuma bata ɗaukar zafi da wuri, Dell da HP bolt 19.5 suke ci Lenovo 20, kar a haɗa maka ta wani kamfani ace ai duk ɗaya ne.

Sai ka juya bayanta. Da yawa daga cikin waɗannan kwamfutocin DisplayPort gare su ba HDMI ba, suna kama da juna amma gefe ɗaya na DisplayPort a miƙe yake. Ba matsala bace, kebul zaka saya mai DisplayPort a kai ɗaya HDMI a ɗayan, yana ɗaukar hoto da sauti duka, sai dai hanya ɗaya yake bi, daga kwamfuta zuwa talabijin. Ka gwada shi a shagon da sauti. VGA kuwa ka manta da ita, bata ɗaukar sauti kuma hotonta bai kai ba. Farashi yana bin dala, dan haka ka zaga shago uku kafin ka ciro kuɗi.

Mataki na 4: buɗe ta ka gyara cikinta

Cire caja, kwance dunƙulen noti ɗaya na baya, murfin zai zame. Hure ƙura da buluwa kana riƙe da fanka da yatsa dan kar ta yi ta juyawa da ƙarfi. In ka iya, ɗaga ƙarfen sanyaya furosesa ka goge tsohon man da ya bushe ka ɗiga sabo kaɗan a tsakiya, in baka saba ba mai gyara zai maka a tsaye. Canza ɗan batir ɗin agogo mai lamba CR2032 tun yanzu, shi yake riƙe lokaci da saitin BIOS in ba wuta, kuma a gidan da ba intanet kullum in ya mutu kwanan wata zai riƙa komawa baya. Ram gig 4 ya isa in LibreELEC zaka sa, manhajar da zan yi bayaninta a mataki na 6, gig 8 in Windows. SSD mai gig 128 ya wadatar dan manhaja kawai zata zauna a kai.

Kafin ka fita daga BIOS akwai saiti guda da nake ganin yafi kowanne amfani a garinmu, a Dell sunansa AC Recovery, a HP da Lenovo After Power Loss. Ka sa shi a Power On, da an dawo da wuta kwamfutar zata tashi da kanta ba sai wani ya zura hannu bayan talabijin yana laluben maɓalli ba. Ka kuma kashe Secure Boot in LibreELEC zaka ɗora.

Mataki na 5: inda kayan kallo zasu zauna

Had-dis na waje mai tera 1 ko 2, ƙarami mai inci 2.5 wanda USB kaɗai ke bashi wuta. Babba mai inci 3.5 sai da cajarsa daban ta bolt 12, ƙarin waya ƙarin abin lalacewa. In na hannu ne ka duba shi da CrystalDiskInfo, kyauta ce, zata nuna maka awannin da ya yi yana aiki da lafiyarsa, in ka ga launin rawaya ka mayar. Filash ko SSD mai arha da aka rubuta tera 2 a jiki kuma ka gwada da H2testw, jabu sun yi yawa, zai karɓi fayil kamar gaske sai ranar da ka zo buɗewa ka tarar babu komai. Ka yi masa fomat da NTFS ko exFAT, banda FAT32 dan bata ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce gig 4, bidiyon biki ɗaya daga mai ɗaukar hoto yana iya wuce haka.

Mataki na 6: manhaja, inda ake yawan ruɗewa

Sunaye huɗu zaka yi ta ji, VLC, Kodi, Plex, Jellyfin, kuma ba aiki ɗaya suke yi ba shi yasa gardamar wacce tafi bata ƙarewa.

VLC ta ƙungiyar VideoLAN ce da ta samo asali daga ɗaliban wata makarantar injiniya a Faransa, tana buɗe kusan kowane irin fayil, amma an yi ta ne dan wanda ke zaune gaban kwamfuta da maus. Daga kan kujerar falo rubutunta ƙanana ne kuma sai ka bi folda folda. Ka barta a waya, zata yi mana amfani anjima.

Kodi ita aka gina dan talabijin. Asalinta daga na'urar gem ta Xbox ta farko ne, ana kiranta XBMC har zuwa 2014 da aka canza mata suna, kyauta ce, ba akawun ba kuɗin wata, manyan rubutu manyan hotuna, sama ƙasa hagu dama da OK sun isa ka yi komai, tana tuna inda aka tsaya a fim, kuma bata buƙatar intanet ko kaɗan wajen nuna abinda ke had-dis ɗinka. Zaka iya ɗora ta akan Windows, amma fa Windows zata zo da halinta, yau sabuntawa gobe wani saƙo ya fito a tsakiyar allo wanda rimot ba zai iya rufewa ba, ga cin data a ɓoye in ka haɗa ta da MiFi. Shi yasa nake cewa LibreELEC. Ita wata 'yar ƙaramar Linux ce da aka fara a 2016, babu komai a cikinta sai abinda zai tada Kodi, kana kunnawa cikin daƙiƙu kaɗan ka ganka a Kodi, babu wani tebur ko taga da yaro zai ɓata a ciki. Abinda yafi burge ni shine ainihin tsarinta a kulle yake, karantawa kawai ake yi ba'a rubutu a kai, dan haka ɗaukewar wuta ba zato bata cika lalata ta ba yadda take yiwa Windows.

Plex da Jellyfin kuma wani tsari ne daban, kwamfuta ɗaya ta zama uwar garke tana rarraba bidiyo zuwa wayoyi da sauran talabijin na gida. Plex daga XBMC ta ɓalle, tana da kyau a ido, amma sai ka buɗe akawun a wajensu kuma shigarka ta intanet take bi, ranar da ba data zaka iya tsintar kanka kana faɗa da manhaja akan fim ɗin da ke cikin ɗakinka, sannan amfani da Quick Sync wajen sauya bidiyo sai ka biya Plex Pass. Jellyfin ta fito a ƙarshen 2018 daga Emby lokacin da Emby ta rufe lambobinta, komai nata kyauta ne, akawun ɗin a cikin kwamfutarka yake, rauta ko babu data a ciki in dai tana bada wayifai zata yi aiki. In gidanku babba ne irin na cikin Birni ko Tudun Wada mai sassa da yawa kowa da talabijin ɗinsa, toh Jellyfin akan Windows ko Ubuntu, ka buɗe burauza ka rubuta adireshin kwamfutar da :8096 a ƙarshe ka bi saitin. Sai dai ka sani dole kwamfutar ta kasance a kunne duk lokacin da wani ke son kallo, ka koma lissafin batir.

Ga mai falo ɗaya da talabijin ɗaya, wanda shine yawancinmu, LibreELEC da Kodi kawai. Netflix da YouTube ka barsu a manhajar talabijin ɗin kanta ko a waya, akan Kodi suna da wahalar saiti, na YouTube ma sai ka ƙirƙiri wasu makullai a akawun ɗinka na Google. Ka kuma tuna Netflix da kansu sun ce awa ɗaya ta HD na iya cin gig 3, ta 4K har gig 7.

Mataki na 7: ɗora LibreELEC

A wata kwamfutar ka shiga libreelec.tv ka sauke USB-SD Creator, ko ka sauke fayil ɗin da aka rubuta Generic ka rubuta shi a filash da balenaEtcher ko Rufus. Filash mai gig 4 ya isa, kuma duk abinda ke kai zai goge. Cire had-dis ɗin finafinai daga jikin kwamfutar kafin ka fara, dan Allah kar ka tsallake wannan, mai ɗorawar yana share duk faifan da ka nuna masa ne gaba ɗaya kuma sunayen suna kama. Soka filash da kibod, kunna kana danna F12 a Dell da Lenovo ko F9 a HP, zaɓi filash, zaɓi Install LibreELEC, nuna masa SSD, amsa eh sau biyu. Mintuna kaɗan ya gama, zare filash ka sake kunnawa. Zai tambaye ka suna da wayifai, sai ya nuna SSH da Samba, bar SSH a kashe ka kunna Samba, ita ce zata baka damar ganin had-dis ɗin daga laftof ko waya ta wayifai. Mai Raspberry Pi shi Raspberry Pi Imager zai yi amfani da ita ya rubuta a memori, ba wani ɗorawa kuma.

Mataki na 8: hoto da sauti

Shiga Settings, a ƙasa gefen hagu ka danna har ya koma Expert dan duk saitin su fito. A Interface sai Regional ka sa ƙasa Najeriya dan agogo ya daidaita. A Player sai Videos akwai Adjust display refresh rate, sa shi On start/stop. Amfaninsa finafinai yawanci hoto 24 ne a daƙiƙa, abinda aka ɗauka da tsarin talabijin irin namu 25 ko 50, in talabijin ta tsaya a 60 zaka ga hoto na ɗan karkarwa idan kyamara na tafiya gefe, wannan saitin yana sa ta bi saurin kowane bidiyo. In ka ga gefen hoto ya yanke, a talabijin ɗin zaka gyara, LG suna kiransa Just Scan, Samsung kuma Screen Fit ko Fit to Screen.

Sauti yana System sai Audio. Zaɓi HDMI a matsayin mafita. In sifikun talabijin ne ko sifika biyu da wufa, ka bar Number of channels a 2.0, sannan in fim na tafiya ka shiga saitin sautinsa ka ɗaga Centre Mix Level. Wannan shine maganin abin nan da ke damun mutane, magana ƙasa ƙasa sai an ƙure murya, da an zo wajen faɗa ko kiɗa kuma sai gidan ya ɗauka har maƙwabta, dalili maganar 'yan wasa a sifikar tsakiya take cikin sauti mai hanya shida, in aka matse shi zuwa biyu sai ta nutse. Passthrough kuma sai in kana da amfilifaya ta gaske mai karɓar Dolby ta HDMI, in ba haka ba ka barshi a kashe ko ka ji shiru.

Mataki na 9: jera kaya yadda mutanen gida zasu gane

A had-dis ka buɗe folda da sunayen da ake faɗa a gidan, Bukukuwa, Karatu, Yara, Finafinai, Masu Dogon Zango. Bidiyon gida ka fara sunansa da shekara, misali 2019 Walimar sauka, zasu jeru da kansu. A Kodi ka shiga Videos, Files, Add videos, Browse, ka nuna foldar. Zata tambaye ka me ke ciki, na Bukukuwa da Karatu ka barsu a None dan kar ta je intanet ta liƙa wa bikin ƙanwarka hoton wani fim ɗin Amurka. Finafinan waje ka zaɓi Movies zata ɗauko hoto da bayani daga TMDB, rumbun bayanan finafinai na intanet, sau ɗaya ta ajiye, in dai sunan fayil ɗin sunan fim ne da shekararsa, masu dogon zango kuma ka rubuta S01E01, S01E02 haka. Finafinan Hausa da yawa ba zata same su a can ba, sai ka ba kowanne foldarsa ka sa hoto mai suna poster.jpg da ɗan fayil ɗin bayanin fim ɗin da ake kira NFO ka zaɓi Local information only.

Tsoffin faifan bikin iyaye da ke cikin durowa suna karcewa, ka nemi kwamfuta mai cin faifai ka juye su da HandBrake zuwa MP4 tun suna karantuwa, ita ma kyauta ce, kuma da ita zaka rage girman manyan fayil ɗin masu ɗaukar hoto.

Tunda ka kunna Samba, duk laftof ɗin da ke kan wayifai ɗaya zata ga had-dis ɗin ka tura kaya ba tare da ka zare shi ba, VLC ta waya ma in ka shiga wajen Browse zata nuna maka shi, mai son kallo a ɗaki ya kalla. Ka sa masa kalmar sirri a saitin LibreELEC ƙarƙashin Services.

Wata magana da ba zan bari ba. Za'a yi maka tallan wasu ƙarin manhajoji na Kodi da akwatunan da aka cika, ace duk fim da duk ƙwallo kyauta. Ba daga masu Kodi suke ba, suna mutuwa duk bayan 'yan watanni, wasu na ɗauke da cuta, suna kuma buɗe wa yara ƙofar abinda baka so su gani. Sannan akwai haƙƙi, masu shirya finafinanmu na Kano da Kaduna da Jos kuɗi suke zubawa, in sun sa abu a tasharsu ka kalla a can, in na sayarwa ne ka saya.

Mataki na 10: rimot da makulli

Kwamfutocin Intel irin waɗannan basa jin rimot ɗin talabijin da kansu. Hanya mafi sauƙi ka sayi rimot mai ɗan filash na USB wanda ake kira air mouse, ka kashe ɓangaren maus ɗin ka bar maɓallan kibiya. Akwai FLIRC da ke koyon kowane tsohon rimot, da adaftar CEC ta Pulse-Eight, CEC shine tsarin da ke sa rimot ɗin talabijin ya sarrafa na'ura ta wayar HDMI, in ka samu mai kawo maka. Mai Pi kawai ya kunna CEC a talabijin, Samsung Anynet+, LG SimpLink, Sony Bravia Sync. A waya kuma ka sauke Kore, ka kunna Allow remote control via HTTP a Services sai Control, ranar da rimot ya shige ƙarƙashin kujera ita zata cece ku.

Sai ka rage cunkoson allon farko, Interface, Skin, Configure skin, Main menu items, ka kashe Games, Weather, Radio, Add-ons da duk abinda ba'a amfani da shi, ya rage uku ko huɗu. A Master lock ka sa lamba ka kulle Settings da File manager dan kar a goge maka kaya, a Profiles kuma ka buɗe na yara wanda foldar Yara da Karatu kawai zai gani. Daga nan ka miƙa wa Hajiya rimot ka koma gefe ka yi shiru, duk inda ka ga ta tsaya tana nema nan ne zaka gyara.

Kariya daga wuta da ƙura

Kwamfuta da talabijin su bi ta na'urar kariya mai jinkiri, wadda in wuta ta dawo take jira kaɗan kafin ta saki, dan a wannan dawowar ne kaya suka fi ƙonewa, kuma in ana canzawa zuwa janareto a bari ya daidaita tukuna. Da damina in hadari ya haɗo da tsawa ka zare soket da wayar dish, dan tsawa na iya biyo wayar ta shiga dikoda ta bi HDMI ta kashe duk abinda ke haɗe. Kar ka kulle kwamfutar a cikin durowar talabijin ko ka rufa mata kyalle, tana son iska ta gaba da ta baya. Hunturun Zariya kuwa ka san shi, ƙura tana taruwa a bakin fanka kamar auduga, ka buɗe ka hure a tsakiyar hunturu ka kuma hurewa in ya wuce kafin zafin Maris ya shigo.

Had-dis shine abinda yafi saurin mutuwa a duk haɗin nan, musamman in wuta na yankewa yana tsaka da rubutu, dan haka kar ka tura kaya sai batir na da caji. Foldar Bukukuwa ka kwafe ta a had-dis na biyu duk lokacin da ka ƙara sabon abu, ka ajiye shi a wani ɗakin ko gidan ɗan'uwa ba'a jone da komai ba. Saitin Kodi ma akwai Backup a cikin saitin LibreELEC ƙarƙashin System, ka yi shi bayan ka gama jera komai ka kwafe fayil ɗin a filash, in SSD ta samu matsala ka sa sabuwa ka ɗora LibreELEC ka danna Restore.